Ruwan da Baba Sule Ya Haɗiye

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana, me ya sa duk shekara in an haƙo sabuwar doya ba na yarda a dafa ko guda a gidan nan sai an fara kaiwa Kwandere. Kada ku ɗauka kunnena ya mutu, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Har Istifanus, babba da shi, ya taɓa jan babanku gefe ya tambaye shi wai ko wani tsohon saurayina ne a can. Saurayi! Mutumin da ya girmi ubana. Babanku ya yi dariya har ya ƙware, ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin a nan na gane ba ku san komai game da shekarar nan ba. To ga shi zan rubuta muku tun idona yana ganin layi, wanda ya karanta ya karanta wa wanda ke ƙyuya.

Da aka ba mu jiha, Lafia ta cika da ma'aikata, makarantu suka yi ta tsirowa, kowace da launin yunifom ɗinta. Wata mata mai ido a buɗe, Hajiya Mairo, ta kafa wurin ɗinki a bayan kasuwa. Mu kamfani muke ce masa, da ƙarfinmu kuwa, ko da yake dogon ɗaki ne guda mai rufin kwano, kekunan ɗinki a jere layi-layi, janareta yana gurnani a baya. Can na shiga da goyon Saratu, can na ƙarar da shekarun ƙarfina. Akwai Alago, akwai Eggon, akwai Tibi, akwai Gwandara, ga mu Migili, Hausa ce kaɗai ta haɗa mu, kowa yana karya ta yadda ya iya ba mai yi wa wani dariya. Tagogin ɗakin duk an buge su da katako, don ɓarayi sun taɓa zuro ƙugiya suka janye yadi. Saboda haka iskar da muka shaƙa da safe ita muke shaƙa har yamma. Randa guda ce a bakin ƙofa, moɗa guda, kowa da ita yake sha. In rana ta take kwanon nan ya ɗau zafi, Allah ya gani, sai gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarka yana ɓata maka ɗinki.

A can ƙarshen ɗakin, ƙarƙashin fanka ɗaya da ke juyawa da gaske, nan teburin Baba Sule mai guga yake. Bagwandare ne daga Kwandere, siriri, mai farin gemu, carbi a wuya. An sayo masa dutsen guga na lantarki ya ƙi, ya ce ba shi da nauyi, shi na gawayi ya sani. Ku yaran yanzu ba ku taɓa ganin yadda masu guga na da suke jiƙa kaya ba. Sai ya shimfiɗa wando, ya ɗebo ruwa da moɗa ya cika kumatunsa, ya ɗan ja baya, ya fesa. Ruwan ya fito da laushi kamar hayaƙi, ya sauka daidai, ba inda ya fi wani jiƙa. Duk masu guga suna yin haka, amma a Lafia ba wanda ya kama ƙafarsa. In ya sa wa wando kari, sai yaro ya yi sati da shi bai kwanta ba. Abin da ya rage na feshin kuma fanka ta kwaso ta watsa mana a ƙeya, sanyi-sanyi. Raɓar Baba muke ce mata. Keken da ya fi kusa da teburinsa nawa ne, don na riga kowa zuwa kamfanin, kuma ba wadda ba ta yi mini hassadar wurin ba.

"Baba, a ƙaro raɓa, mun dahu!" haka muke yi masa ihu.

"Ku gyara ɗinkinku tukuna," in ji shi. "Raɓata ba ta sauka a kan karkataccen aljihu."

Kowa a kamfani ya san babanku yana kiwon aladu a bayan gidanmu, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira a kan haka. In Kirsimeti ta zo, kazar da zan dafa musu Baba Sule nake kai wa ya yanka da hannunsa, mu ci tare. In Sallah ta zo, ni ke fara buɗe kwanonsu. Haka muke har shekarar da rediyo ya fara maganar wata cuta da ta ɓarke a ƙasashen waje tana tsallakowa ƙasa bayan ƙasa. Sunan da aka ba ta shi ne murar aladu. Ban san wanda ya raɗa mata sunan nan ba, amma na yi shekaru ina roƙon Ubangiji ya ba ni ikon yafe masa.

Cikin daminar nan goggota ta rasu a Agyaragu, na tafi jana'iza na ɗan kwana biyu. Da na dawo sai na tarar da Larai a kan kekena. Larai yarinya ce mai kirki amma mai son jiki, ga ta da tsohon ciki, zafi yana wahalar da ita. Na buɗe baki zan yi magana, kun dai san bakina, sai na dubi cikin na rufe. Na kwashi kayana na koma wani keke can bakin ƙofa, nesa da fanka, ina gunaguni ni kaɗai. Ba a jima ba Larai ta fara tari da zazzaɓi. Sai ta kusa da ita, sai ta bayanta, abin yana tafiya layi-layi. Lokacin komawa makaranta ne, aiki ya yi tsiri, kuma a kamfani abin da ka ɗinka shi ake biyanka, in ka kwanta ka kwanta da yunwa. Saboda haka kowa yana zuwa da zazzaɓinsa, yana tari a kan yadi, ya tashi ya sha ruwa da moɗar nan ya miƙa wa na baya. Rannan numfashin Larai ya fara sarƙewa a kan keke, aka kwashe ta sai asibiti.

Ban san bakin da ya fara faɗa ba, kuma ko na sani ba zan rubuta ba. Na dai zo da safe na tarar da wani gwangwani a gefen randa, an ɗaura masa jan ƙyalle. Na tambayi na mene ne, wata ta ce na shan ruwana ne. Na nemi aron zare, aka jefo mini daga nesa. Lissafinsu ba wuya: ga cuta mai suna murar aladu, ga ni Rifkatu mai aladu a gida, na je ƙauye na dawo mutane suka fara faɗuwa. Da na ce to ai ni lafiyata ƙalau, sai suka ce ai shi ne ma shaida, na saba da ita ba ta kama ni. Kada ku ce Musulmi ne kawai, don ba na son ku ɗauki ƙarya daga bakina. Hannatu, wadda muke rera waƙa kafaɗa da kafaɗa a zumuntar mata ta coci, ita ta fara jan kekenta daga kusa da ni. Wannan ya fi gwangwanin ƙona mini rai.

Hajiya Mairo ta kira ni ofishinta. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta, ta ma kasa haɗa ido da ni.

"Maman Istifanus, ni ban ce ke ce ba. Amma mijin Larai ya zo nan yana huci, sauran kuma sun ce in kina ɗakin ba za su hau keke ba. Ko dai a rabu da dabbobin nan, ko ki ɗan zauna a gida."

"Har yaushe, Hajiya?"

Sai ta kama gyara mayafinta.

Da yamma na tarar da babanku yana zuba wa aladu dusa, kakarku tana zaune a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa. Ku gane abin da ke gabanmu: keke shi ke sa tukunya a wuta kullum, aladu kuma su ke kai ku makaranta. Duk lokacin da aka ce a kawo kuɗin makaranta, ɗaya daga cikinsu ne ke tafiya kasuwa. A shekarar Istifanus yana shirin shiga makarantar jinya, sauranku kuna biye da shi kamar matakala. Na faɗa musu abin da Hajiya ta ce. Kakarku ta watsar da ɓawon gyaɗa ta miƙe, tsohuwar nan ba ta da tsawo amma muryarta tana kaiwa titi.

"In murarsu ce, me ya sa su ba sa tari? A je a kira mini Hajiyar ta zo ta tsaya nan ta ji ko ɗaya ya yi atishawa!"

Babanku sai da ya gama zuba dusar, ya wanke hannu tukuna. Kun san shi, maganarsa sai an jira.

"Zan aika wa mai sayen aladun nan na Assakio ya zo ya kwashe su," in ji shi. "Da wannan surutun da ake yi, a wulaƙance zai saya. Amma ba zan zauna ina kallo ana ba matata ruwa a gwangwani ba."

Na ƙaunace shi a ranar fiye da ranar aurenmu, amma na ce a'a. In muka sayar, mun amsa cewa mu ne. In kuma wani abu ya sami Larai, za a ce Rifkatu ta kashe ta sannan ta ɓoye shaida. Kuma ku fa? In keke ya tafi za mu sha kunu mu kwana, in aladu suka tafi karatunku ya tafi. Na ce masa gobe zan je in ɗauko almakashina, in bar musu kamfaninsu. Na faɗa da ƙarfi kamar ba komai, amma da na shiga kicin sai da na jingina da bango.

Da safe na tarar da baƙuwa a kamfani. Dubagari ce, mace, cikin kakinta, asibiti ne suka turo ta don sun ga marasa lafiya suna zuwa daga wuri guda. Ta duba tagogin da aka buge, ta ɗaga moɗa ta juya ta, ta girgiza kai. Mijin Larai ma yana nan a tsaye, ƙaton mutum, direban babbar mota, idonsa ja don bai yi barci ba. Ina shiga aka nuna ni, aka ce ga mai aladun nan. Matar ta dube ni, ta dube su, ta ce wannan ba shi ne zancen ba.

"To me ya sa aka ce ta aladu in ba daga alade take ba?" in ji mijin Larai.

"Suna ne kawai, malam. Ni ban ma ce ita ce ba, don ba a gwada ba. Amma ko ita ce ko wata murar ce, daga bakin mutum take fita ta shiga hancin mutum. Tari, atishawa, yawu. Nan za ku duba."

Ba wanda ya yarda. Aka yi ta ƙananan maganganu, wata ta ce ai su ma'aikatan gwamnati haka suke faɗa don kada a yi rigima. Ni dai na riga na naɗe almakashina a gefen zani. Na juya in yi wa Baba Sule sallama ko da da ido ne, don shi kaɗai ne duk kwanakin nan bai daina amsa gaisuwata ba. Shi bai tsaya da aiki ba, gawayi ba ya jiran taro. Ya shimfiɗa wando, ya cika kumatunsa da ruwa, ya ja baya zai fesa, sai na ga ya tsaya cak. Dubagari ta ba shi baya, kowa kuma ni yake kallo. Ya daɗe a haka, kumatu a kumbure, yana kallon keken Larai da ba kowa a kai. Sannan na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiye ruwan.

"Malama," in ji shi, "yawu kika ce?"

Ta juyo ta ce i, Baba.

"To ku saurara. Tun kafin Rifkatu ta dawo daga ƙauye nake da zazzaɓi da tari. Daga jikokina na ɗauko, duk gidanmu an yi ta. Na sha ƙwayar kemis na ci gaba da zuwa, don na ga aiki ya yi yawa. Kullum ina tsaye nan ina fesa muku ita a ƙeya, kuna cewa in ƙaro. Wa ya fara kwanciya? Wadda ta fi kusa da ni. Wa ya tsira? Wadda ta koma bakin ƙofa. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa taɓa alade ba, amma in da mai laifi a ɗakin nan, ga shi a gabanku."

Na ga mata suna kai hannu ƙeya ɗaya bayan ɗaya suna gogewa. Mijin Larai ya nufo teburin, na rantse na ɗauka zai ɗaga tsohon nan sama. Baba bai matsa ba, ya dai ajiye dutsen guga a mazauninsa.

"Ɗana, yi mini duk abin da ka ga dama, ba zan ce don me ba. Amma matar nan ku ƙyale ta."

Mutumin ya tsaya yana huci, can ya juya ya fita yana share ido da bayan hannu. Dubagari ta ce wa Baba ba shi kaɗai ba ne, ga moɗa, ga tagogi, ga masu zuwa aiki da zazzaɓi. Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ba wanda zai iya rantsewa cewa feshinsa ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne ba wanda ya tambaye shi. Da ya haɗiye ruwansa ya yi shiru, gobe ya zo da wata dabara, ba mai ganewa har abada. Ni ce zan tafi gida da sunan, shi ya ci gaba da zama Baba mai raɓa. A lokacin kuma ba wanda ya san ko Larai za ta tashi.

A satin aka ɓalle katakon tagogi aka sa raga, iska ta shigo ɗakin nan har muka riƙa danne yadi da almakashi. Kowa ya zo da kofinsa. Muka ɗinka abin rufe hanci da ragowar ƙyallen yunifom, sai ka ga uwar 'ya'ya da hancin 'yan firamare. Hajiya, Allah ya saka mata, ta ce duk mai tari ya zauna a gida, za ta riƙa aika masa da abin cefane har ya warke. Da kanta ta ɗauke gwangwanin nan ta jefa a bola. Larai ta tashi, ta haifi ɗanta ƙarami amma da ransa. Da ta dawo ta zo har gabana ta durƙusa ta ce in koma kekena. Na ce mata ta riƙe abinta, yanzu wa ke son wurin? Hannatu kuwa sai da ta yi wata tana kawo mini ƙosai kafin na sake mata fuska.

Baba ne ya biya. Aka ba shi gorar roba da aka huda murfinta da allura, ya riƙa yayyafa ruwa da ita. Hannun da ya saba da dutse bai iya gora ba, nan ya jiƙe sharkaf, can ya bushe, karin ya daina tsayawa. Masu makarantu suka fara cewa gugar ta canza. Abin da muke kira raɓar Baba ya koma yawun Baba a bakin 'yan matan kamfani, in ya wuce su kau da kai. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma wasan nan nasa ya ɗauke. Kafin wata damina ya yi wa Hajiya godiya, ya ɗaure dutsensa a bayan kekensa na hawa ya koma gona a Kwandere. Ranar na yi kuka a kan ɗinkin mutane har sai da na sake wanke rigar.

Da doyarmu ta nuna na zaɓi manya na hau mota na kai masa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran fartanya, ya rame, amma idon nan yana nan. Na ce masa Istifanus ya shiga makarantar jinya, kuma ba mu sayar da ko ɗaya a wulaƙance ba. Sannan na yi masa tambayar da ta daɗe a raina, na ce Baba me ya sa ka yi magana.

"Ruwan yana bakina, 'yata. In na fesa, na san abin da na fesa. Da na haɗiye kuma sai na ji maganar ta ƙi bin sa."

Ya juya doyar nan yana yabawa, can sai ya matso ya rage murya, kamar mai tsoron kada bango ya ji.

"Abu ɗaya zan roƙe ki. Kada liman ɗinmu ya ji cewa da tsufana ni na ceci garken aladu."

Na riƙe masa alkawari har ya koma ga Mahaliccinsa, limamin ma na ji ya bi shi, saboda haka yanzu bakina ya buɗe. Takardun nan naku da babanku ya jera a bangon falo yana nuna wa baƙi, ku dube su da kyau, ku san ta inda suka biyo. In na mutu, ba na son a zo ana shawara a kan doyar Kwandere. Jikokinsa suna nan, ƙofar gidan tana kallon masallaci. Ku zaɓi manya, kada ku kai masu tabo, kuma Istifanus ne zai ɗauka a kansa tun daga bakin titi, tunda shi ya ce saurayina ne.